Ranar da Mai Tambari Ya Ce Amin

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana zama a barandar da ke kallon ofishin lasisin motoci, kuma ban taɓa jin wani a wurin ya kira shi da sunansa na yanka ba. Mai Tambari ake ce masa. Teburinsa ɗan ƙarami ne, ƙafa ɗaya ta gaza sauran, sai an tokare ta da ninkakken kwali. A kan teburin akwai tsohuwar tafireta, da kushin tawada, da tambari mai mariƙin katako wanda gumin hannunsa ya mayar baƙi wuluk, sai rediyo da aka ɗaure da roba don kada batir ya zubo. Sana'arsa takardar inshorar mota.

Duk direban da ya shiga ofishin sabunta lasisi, sai an ce ya kawo takardar inshora. In ya fito yana waige-waige, ga Baba nan zaune, riga ta sha guga, biro uku a aljihu. Zai karɓi lambar mota da ta inji, ya buga da yatsa biyu, ya zaro takardar ya ɗaga ta sama ya duba. In harafi ɗaya ya kauce, yaga ta yake yi ya sake sabuwa, ko da layi ya kai bakin titi. Daga nan ya hura wa tambarin iskar bakinsa, ya danna shi a hankali, ya sa hannu a ƙasa. Ina ƙarama nakan ɗauka duk motocin garin da izinin ubana suke tafiya.

Aljihun teburin kashi biyu ne. A dama akwai takardun babban kamfani, masu tsada, waɗanda sai a yi wata ba a taɓa su ba. A hagu akwai masu koren baki, masu arha, waɗanda wani mutum da ake kira Mai Jaka yake kawowa duk farkon wata. Tambayar Baba ga kowa ɗaya ce: "Ta kamfani ko ta hanya?" Kusan kowa ta hanya yake cewa. Amfaninta a nuna wa ɗan sanda ya janye shinge a wuce. Babu wanda ya taɓa jin an biya wani ko sisi da ita, babu kuma wanda ya taɓa nema. In mota ta yi ɓarna, direbobi sukan ce inshorar talaka Allah ne, a yi karo-karo a tasha, a wuce wurin.

Baba kuwa mutumin kirki yake ɗaukar kansa, kuma mutane haka suka ɗauke shi. Ba ya ƙara farashi don ya ga baƙo. Ya taɓa bin wani direba da gudu har shataletale don ya mayar masa da walat ɗin da ya manta, ya dawo yana haki kamar ransa zai fita. In ka haɗa shi da samarin da ke tare mutane a bakin ƙofa, ranar ba za ku rabu lafiya ba. "Ni ba ɗan cuwa-cuwa ba ne," yakan ce, yana gyara zaman biro. "Wakili ne ni."

Da aljihun hagun nan aka yi mini komai. Takalmin makaranta, kuɗin jarrabawa, har takardar malanta da na rataye a falona cikin gilashi. Lokacin hutu ni nake taya shi saka takardun cikin leda. Na iya Turanci, ina ma taƙama da shi, kuma na karanta adireshin da ke ƙasan takardar ya fi sau dubu: hawa na biyu, ɗaki na sha huɗu, titin bayan babban gidan waya. Ni da nake damun malamaina da tambaya har suka sa mini suna Me-ya-sa, ban taɓa tambayar Baba ko akwai wanda ke zaune a ɗakin nan ba.

A teburin nan na haɗu da mijina. Direba ne, ya yi shekara bakwai yana jan motar wani yana ƙulle ciki har ya sayi ƙaramar bas tasa ta kansa. Mutum ne mai sanyi, maganarsa ba ta wuce cikin cokali. Baba ya so shi so na ban mamaki, har da na fara jin kishi. Kwano ɗaya suke cin abinci, su yi ta gardamar ƙwallo, Baba yana ihu, shi yana murmushi. Inna takan leƙo daga kicin ta ce, "Malam, mijin 'yarka ne fa." Baba ya ce, "Ni ba ni da suruki. Ɗa gare ni."

Shekarar da muka yi aure, lokacin sabunta takardun bas ya zo. Mijina ya ware kuɗi ya ce shi ta kamfani yake so, motar nan ita ce ƙashin bayansa. Ni ce na ce masa, "Kuɗi ne suka yi maka yawa? Ga Baba a wurin za ka kai wa bare?" Ya je. Baba ya ture kuɗin har ransa ya ɓaci, wai yaushe ɗa ya fara biyan uba. Bai yi masa tambayar da yake yi wa kowa ba. To kyauta ce, ta kamfani kuwa sai Baba ya biya daga aljihunsa, abin da zai cinye masa cinikin mako guda. Hannu ya tafi inda ya saba. Ya buga ta tsaf, ya kai aka manne ta da leda mai kauri, ya ba shi da hannu biyu.

Mijina lambar mota da alamun titi kawai yake karantawa. Ya kawo takardar gida yana murna ya nuna mini. Na ga koren bakin nan. Na san aljihun da ta fito kamar yadda na san tafin hannuna. Na ce, "Allah ya saka wa Baba," na ci gaba da tsintar shinkafata. Haka aka yi shekara biyar a jere.

Wata safiya bayan an sha ruwa, birki ya ƙwace masa a gangara. Ya kauce wa 'yan makaranta da ke tsallaka titi, bas ta hau gefen hanya ta afka rumfar wani mai faci. Ba a rasa rai ba, amma ƙafar mai facin ta karye wuri biyu, injin iskarsa ya zama tarkace. 'Yan sanda suka ja motar zuwa ofishinsu. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in an ja lokaci ƙafar ba za ta moru ba. Mutumin yana da mata da 'ya'ya biyar, kullum suna tsaye a barandar asibiti, ba zagi, ba kuka, sai kallo. Karo-karon tasha ko rabin rabi bai kai ba. Abin da ya rage a sayar da bas, kuma tuni wani dillali ya fara kewaya mu yana taya ta kamar ya tsinci gawa.

Kwana tara da hatsarin, na taso daga makaranta na biya ta barandar Baba, na tarar da mijina zaune a kan benci, ya zabga tagumi. Rediyo na yi. Sai aka sako wani ɗan majalisa, shugaban kwamitin da ke sa ido kan bankuna da kamfanonin inshora, yana bayanin wata doka da suke son kawowa. Ya ce dole kowane kamfani ya nuna yana da jarin da zai iya biyan diyya kafin a bar shi ya buɗe ƙofa. Ya ce za a yi wa kowane wakili rajista, kowace takarda kuma a ba ta lambar da mutum zai iya dubawa a wayarsa. Ya ce hukumar da ke kula da su ta daɗe tana haushi ba cizo.

Mai hoton fasfo da ke maƙwabtaka da Baba ya yi tsaki. "An fara neman ƙuri'a," in ji shi. Aka yi dariya. Baba mutum ne mai amsa wa rediyo magana kamar suna ɗaki ɗaya, amma ranar nan ya ɗauko tsohon buroshin haƙori yana ta goge haruffan tafireta.

Ɗan majalisar ya ci gaba. "Jama'a ba su san haƙƙinsu ba. Duk wanda motarsa ta ji wa wani ciwo, ya ɗauki takardarsa ya je ofishin kamfanin. Don ranar nan ya biya kuɗinsa. In sun ƙi, ya kawo mana ƙara. Amma wanda ya sayar wa talaka takardar da ya san ba ta biyan komai, wannan ɓarawo ne. Tambari kawai ya fi na kasuwa da shi."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ai kuwa muna da inshora!" Wallahi ni na faɗa, ni da na san launin takardar. A raina ina cewa ƙila mai arha ce kawai, ƙila suna biyan ko rabi, ƙila ba wanda ya taɓa gwadawa ne. Mijina ya ɗago kai, fuskarsa ta washe karo na farko cikin kwana tara.

"Baba," ya ce, "ai kai wakilinsu ne. In ka raka mu ba za su ja mana rai ba."

Buroshin ya tsaya. Nan ne wurin da ya kamata Baba ya yi magana, nan ne kuma wurin da ya kamata ni in yi. Mai hoto yana kallonmu, direbobi biyu suna jiran takarda. Baba ya ce, "Allah ya kai mu gobe."

Washegari ya fito cikin kayansa mafi kyau, har da turare. Inna ta ce ko ɗaurin aure za a je. Ni na riƙe fayil, da takardar asibiti da ta 'yan sanda da hotunan rumfar, don ni ce mai boko, ni zan cike fom. A mota mijina yana ta lissafin baki, in an biya asibiti zai gyara gaban bas, cikin wata guda ya koma hanya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Baba yana kallon waje ta taga.

Ginin tsoho ne, fentinsa ya ɓare, ƙasansa shagunan sayar da waya. Muka hau bene. Tun daga hawa na farko warin sabulu da sitaci ya tare mu. A hawa na biyu muka bi lambobin ƙofa, sha biyu, sha uku. Ta sha huɗu a buɗe take, igiyoyi sun ratsa ɗakin, riguna da zannuwan gado rataye, wani ƙaton mutum cikin singileti yana guga yana zufa.

Ya kalli fayil ɗin hannuna ya ajiye dutsen guga. "Inshora ko? Ku ne na shida tun jiya. Tunda mutumin nan ya yi magana a rediyo ban huta ba."

Na ce ko sun tashi ne. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce shekararsa sha ɗaya a ɗakin nan, kafin shi tela ne, kafin tela kuma mai gyaran agogo. Ba a taɓa yin wani kamfani a nan ba. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da wasiƙu, wasu sun yi ja don daɗewa, duk da sunan kamfanin a bayansu. Ya ce ya kasa zubarwa, ya kuma kasa buɗewa.

"Jiya wata mata ta zo da goyo," in ji shi. "Babbar mota ce ta kashe mijinta. Mai motar ya ba ta takardarsa ya ce ta zo nan a biya ta. A kan matakalar nan ta zauna ta yi kuka har na rufe shago na raka ta tasha." Ya dubi Baba, ya ga ya dafa bango. Nan da nan ya share benci da tsumma, ya ɗebo ruwa a kofi. "Zauna, Baba, zauna. Sannu. Dattijo kamarka a sa shi hawa bene a banza. Wai wane marar tsoron Allah ne ya sayar muku?"

Takardar tana hannun mijina. Na ga idonsa ya sauka ƙasanta, inda tambarin yake, da sa hannun da ya sani sarai, mai doguwar jela. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalle ni, ba da tuhuma ba, kallon mai neman a ce masa ƙarya ne. Na sunkuyar da kai. Ya naɗe takardar duk da kaurin ledar, ya cusa a aljihu.

"Wani ne can," ya ce. "Ba mu san shi ba."

"Ai ba za ku san shi ba!" Mai wanki ya ɗauki zafi, ya ɗaga hannuwansa sama. "Irinsu suna nan fes, riga da guga, ana gaishe su a unguwa. Ko da me suke ciyar da 'ya'yansu oho. Allah ya isa tsakaninku da shi. Allah ya tona masa asiri a gaban wanda yake jin kunya. Yadda ya hana bayin Allah barci, shi ma kada ya samu. Ku ce amin mana! Baba, kai ne babba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mijina ya buɗe baki zai kawar da zancen, amma Baba ya riga shi. Ya ajiye kofin a ƙasa bai sha ba, ya ɗaga tafukansa biyu.

"Amin," ya ce. Ya shafa a fuska.

Da muka sauko, mijina ne ya riƙe masa hannu suka tsallaka titi, ya tare mota, ya buɗe masa ƙofa, ya biya kuɗin. Daga nan ya ce shi zai wuce asibiti. Ya juya ya kama hanya.

A gida na bi Baba har ɗakinsa. Fushi nake ji, kuma na san rabin fushin da kaina nake yi, shi ya sa na ɗaga murya. Na ce, "Baba, ka sani?"

Yana zaune a bakin gado, bai ko cire hula ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, ban taɓa zuwa wurin ba sai yau."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Daga teburina zuwa ginin nan tafiyar minti ashirin ce a ƙafa," ya ce. "Shekara ashirin da shida. Me kike gani ya hana ni zuwa?"

Abin da ya hana shi zuwa shi ya hana ni tambaya.

An sayar da bas a ƙarshen makon. An yi wa mai faci aiki, yanzu yana tafiya da ɗan ɗingishi, ya koma bakin titinsa. Mai Jaka bai sake leƙo barandar ba. Baba ya sayar da tafireta da rediyon, ya ƙulle abin da ya samu a hankici ya ce in kai wa mijina. Na yi zaton zai mayar. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce in yi wa Baba godiya, ya haɗa aka saya wa mai faci injin iska na hannu. Da na kai wa Baba saƙon godiyar, ya rufe ido ya ce, "Da zagina ya yi da na samu sauƙi."

Ya ƙara mako biyu yana zuwa barandar, tebur wayam, yana tare tsoffin abokan cinikinsa yana gaya musu takardar da ke motarsu ba komai ba ce. Yawancinsu dariya suka yi. "Haba Baba, ai mun sani. Wa bai sani ba?" Suka matsa tebur na gaba, inda wani sabon mutum ya kafa tasa na'urar. Cikin dubban mutanen da ya buga wa tambari, mutum ɗaya ne ya yarda da takardar da zuciya ɗaya, shi ne wanda yake kira ɗansa. Daga nan Baba ya daina fita. Dokar ɗan majalisa kuwa ban san inda ta kwana ba, na dai ji shi kwanaki yana magana a kan kuɗin ruwan bankuna.

Mijina ya koma jan motar wani, kamar shekarun nan bakwai ba a yi su ba. Bai taɓa tayar da maganar ba. Bai kuma taɓa tambayata ko na san launin takardar ba, ni ma ban gaya masa ba. Baba dai ya ce amin ɗinsa a fili. Ni har yau nawa amin ɗin yana maƙale a bakina, ina kwana da shi ina tashi da shi, ina wucewa ta ƙarƙashin takardar malantar nan sau goma a rana.

Duk ƙarshen mako muna zuwa gidan. Mijina yakan cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Ta bayan labule ake amsa masa. Wani lokaci yakan ɗan jima a durƙushe, ya ce, "Baba, jiya fa an ci naku ƙwallo biyu," ko za a tanka. Sai a ce, "To, Allah ya yi albarka." Inna kuwa kwano biyu take zubawa yanzu, ɗaya ta miƙa cikin ɗaki, ɗaya ta ba ni in kai wa mijina waje.